Inda ake bin gaskiya da inda ake yin zaɓi wajen gina wuri a kwamfuta

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, na kuma daɗe ina duban hotunan da ka haɗo da ita. Ka ce ka shafe wata biyu kana gina wani lungu na tsohon gari a Blender, manhajar gina siffofi masu kauri a kwamfuta, da zaurensa da dakalinsa da katangun ƙasa masu zanko, ka ɗauki hotunan bango na gaske da wayarka ka lulluɓe ginin da su, amma da hoton ƙarshe ya fito sai ka ga ya yi lami, babu abin da ke riƙe ido, alhali kowane abu a cikinsa ka kwafo shi ne daga zahiri. Abokanka kuma sun rabu biyu, wasu sun ce ka ƙara tsaga da tarkace da datti don ya ƙara kama da gaske, wasu sun ce ka rabu da gaskiyar ka zuba launi irin na katun. Kana son sanin ɓangaren da za ka bi da kuma inda ake tsayar da iyaka.

A wannan sana'a akwai abubuwan da ba a yi musu ƙarya, akwai kuma waɗanda aikin ba ya tashi sai an taɓa su. Yadda haske ke sauka a kan abu, da girman abu idan aka gwada shi da mutum, da dalilin da ya sa wuri ya tsufa ta inda ya tsufa, waɗannan ido ya san su tun muna yara, kuma yana gane kuskure a cikinsu ko da baki ya kasa faɗin mene ne. Amma abin da za a saka a wurin, da abin da za a cire, da lokacin da rana take, da inda za a kai idon mai kallo, duk wannan yana hannunka. Abin da na gani a lungunka shi ne ka juya lamarin: ka yi sakaci da gaskiya a inda ya kamata ka bi ta sau da ƙafa, ka kuma miƙa mata wuya a inda ya kamata ka yanke hukunci da kanka.

Mu fara da kayan ginin. Tsarin da ake kira PBR, wato siffanta kowane abu gwargwadon yadda yake karɓar haske da mayar da shi a duniya, shi ne masu sana'ar suka koma kansa fiye da shekara goma da suka wuce. Wanda kake amfani da shi a Blender ya samo asali ne daga aikin da Brent Burley na kamfanin Disney ya gabatar a SIGGRAPH, taron masana zanen kwamfuta, na 2012, wanda aka yi fim ɗin Wreck-It Ralph da shi, sannan Blender ta shigo da irinsa a fitowarta ta 2.79 a 2017. Abin lura shi ne don masu zane aka tsara shi: ma'aunai kaɗan, kusan kowanne daga sifiri zuwa ɗaya, da sunayen da hankali ke saurin kamawa, ta yadda mai zane zai murɗa yadda yake so ba tare da abin ya fita daga hankali ba. Ke nan tun daga tushe an yi nufin kimiyyar haske ta zama ƙasan da mai zane zai taka ya yi aikinsa.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. Gawayi, duk baƙinsa, yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, sabuwar dusar ƙanƙara kuwa tana mayar da kashi 80 zuwa 90. Kusan duk abin da za ka gina yana tsakanin waɗannan biyu. Kai kuwa ka ba cikin ƙofar zauren baƙi ƙirin wanda ba ya mayar da komai, ka ba farar ƙasar da ke bakin ƙofar fari fat wanda ke mayar da duka. Da zarar an yi haka lissafin hasken da ke tsalle daga wani abu zuwa wani ya lalace, kuma wannan hasken shi ne ran lungun ƙasa. Ka tsaya a irin wannan lungu da la'asar ka dubi katangar da ke cikin inuwa, za ka ga ba toka-toka take ba, tana da wani ja mai ɗumi da katangar da ke fuskantarta da kuma ƙasan hanya suka jefo mata, har ƙarƙashin indararo ma yana ɗaukar wannan ja. A hotonka inuwar ta mutu saboda babu abin da ke ciyar da ita.

Haka kuma batun ƙyalli. Yawancin abubuwan da ba ƙarfe ba suna mayar da kusan kashi 4 cikin 100 a matsayin ƙyalli idan ka fuskance su kai tsaye, amma ƙyallin yana ƙaruwa sosai idan ka dube su ta gefe. Ka leƙa ruwa a baho daga sama za ka ga gindin bahon, ka durƙusa ka dube shi ta gefe sai ka ga sararin sama a kansa. Bangon ƙasa ma yana da nasa rabon, sai dai kaushinsa yana warwatsa shi. Saboda haka kada ka kashe ƙyallin gaba ɗaya don kawai bangon na ƙasa ne; abin da za ka sarrafa shi ne kaushi, kuma kaushin bai kamata ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa ba.

Kuskure na biyu yana cikin hotunan wayarka. Ka ɗauke su ne da hantsi rana na dukan bangon ta dama, don haka kowane ƙulli da kowane rami ya zo da inuwarsa a manne. Sai ka sa taka ranar ta hagu a cikin Blender, aka wayi gari lungu ɗaya yana da rana biyu masu saɓa wa juna. Manyan kamfanoni ma suna fama da wannan. Lokacin da kamfanin DICE ke yin wasan bidiyon Star Wars Battlefront na 2015 sun je dazukan manyan itatuwa na Kaliforniya da ƙasar Iceland sun ɗauki duwatsu da kututture ta kowace fuska don kwamfuta ta mayar da su siffa mai kauri, kuma wani babban ɓangare na aikin shi ne cire hasken ranar da aka ɗauki hoton, a bar asalin launin abin kaɗai. Kai hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ka sake ɗaukar hotunan a ranar da hazo ya rufe rana, ko lokacin da hadari ya haɗu, ko da sassafe kafin rana ta leƙo, lokacin da bango ba shi da inuwa mai kaifi.

Yanzu ga shawarar abokanka ta ƙara tsaga da datti. A nan nake son ka fi daɗewa, domin nan ne ake gane wanda ya zauna ya kalli wuri da wanda ya sauke tarkace daga intanet ya watsa. Wuri ba ya tsufa bai ɗaya, kowace alama tana da wanda ya yi ta. Gindin katanga yana zaizayewa zuwa wajen gwiwa saboda ruwan damina da ke dukan ƙasa ya fantsamo. Ƙarƙashin indararo akwai dogon zane mai duhu inda ruwa ke bin bango idan iska ta karkato shi. Gefen ƙofar zaure, daidai inda hannu ke kaiwa, ya yi duhu ya yi santsi har yana ɗan sheƙi saboda shekarun da masu shiga da fita suka yi suna dafa shi. Bakin dakali ya goge ya zama kamar an shafa masa mai, tsakiyarsa ya ɗan lotsa inda aka fi zama. Can ƙasa akwai layin da awaki ke goga jikinsu. Sannan akwai facin sabon yaɓe da aka yi bayan damina, wanda launinsa bai gama sajewa da tsohon ba, har da sawun yatsun maginin a jikinsa. Kafin ka saka kowace tsaga ka tambayi kanka wa ya taɓa nan, me ya zuba a nan, ta ina ruwa ke bi. Alama shida masu dalili sun fi ɗari da aka yayyafa, kuma tsagar da aka baza ko'ina daidai wa daida tana mayar da bango kamar atamfa mai maimaita zane.

Girma kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ka tsayar da siffar mutum mai tsawon mita 1.7 a bakin zauren ka gwada komai da shi. Na ga tubalan da suka leƙo ta inda yaɓe ya faɗi sun kai girman kan mutum biyu, wannan kaɗai ya isa ya sa ginin ya zama kamar abin wasan yara. Idan wasan bidiyo za ka yi wanda kyamara ke bin ɗan wasa ta baya, dole ka faɗaɗa lungun ka ɗaga ƙofofi fiye da na zahiri don kyamarar ta samu wurin juyawa, amma ka bar tubali da azara da tabarma a girmansu na gaskiya, su ne ke riƙe wa ido ma'auni.

Idan waɗannan sun zauna, sai a zo ga zaɓi, kuma misalin da na fi koyo daga gare shi shi ne wasan bidiyon Ghost of Tsushima, wanda kamfanin Sucker Punch na Amurka ya fitar a watan Yulin 2020. Labarin yana faruwa ne a 1274, shekarar da rundunar Mongol ta afka wa tsibirin Tsushima da ke tsakanin Japan da Koriya. Tsibirin na gaske mafi yawansa tsaunuka ne da kurmi kore. Da sun kwafe shi yadda yake, da ɗan wasa ya yi awa arba'in yana ratsa kore bayan kore ba tare da ya bambance wani wuri da wani ba. Abin da suka yi shi ne suka ba kowane yanki launi ɗaya mai rinjaye, suka rage yawan nau'in tsirran da ke cikinsa: nan daji ne da ganyensa ya zama ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasan da ake takawa, can fili ne na farar ciyawa mai tsawo iya ganinka, gaba kuma jajayen ganye ne ke zuba, arewacin tsibirin kuwa dusar ƙanƙara ce. Yanayin shekara daban-daban suna zaune kafaɗa da kafaɗa a lokaci guda, abin da ba ya faruwa a duniya. Duk da haka ba ka jin an yaudare ka, saboda kowane ganye yana karɓar haske kamar ganye, laka tana manne wa tufafi kamar laka, ciyawa tana kwantawa idan doki ya ratsa ta.

Sun kuma ɗora wa iska aikin nuna hanya. Maimakon kibiya a kan allo, ɗan wasa yana shafa yatsa a kan na'urar sarrafa wasan da ke hannunsa sai iska ta taso ta kwantar da ciyawa da ganye zuwa inda ya nufa. Wannan ya sa kowane tsiro a tsibirin yana da aikin yi bayan ado, ya kuma bayyana dalilin da ya sa filayen suke a buɗe da ciyawa mai tsawo. Mutanen tsibirin ba su ɗauki wannan sauyi a matsayin cin fuska ba. A 2021 hukumar Tsushima ta naɗa jagororin aikin biyu, Nate Fox da Jason Connell, jakadun yawon buɗe ido na tsibirin.

Misali na biyu ya fi kusa da gini. A wasan Assassin's Creed Unity na 2014, wanda ke faruwa a Paris lokacin juyin juya halin Faransa da ya fara a 1789, Caroline Miousse ta kamfanin Ubisoft ta shafe kusan shekara biyu tana gina majami'ar Notre-Dame a cikin wasan. Amma doguwar hasumiya mai tsini da ke tsakiyar rufin a wasan ba ta wancan zamani ba ce, ita ce wadda mai tsara gine-gine Viollet-le-Duc ya gina aka kammala a 1859, shekara 70 bayan fara juyin. An saka ta ne da gangan saboda ita ce siffar da mutane suka sani, kuma idan babu ita mai kallo zai ji kamar an yi kuskure a inda aka yi daidai. Na yarda da wannan hukunci a wasan da manufarsa ita ce mutum ya hango ginin daga nesa ya gane shi ya hau shi. Sai dai lokacin da gobara ta cinye rufin da hasumiyar a ranar 15 ga Afrilu, 2019, aka zo gyara, awon da aka yi wa ginin da hasken leza, irin wanda masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya yi, shi ne mai amfani ga magina, domin samfurin wasan an yi shi ne don ido da hawa. Saboda haka ka fara sanin wa kake yi wa aiki. Idan wata rana aka ba ka aikin adana siffar wani tsohon masallaci ko ƙofar gari kafin ta rushe, to ba ka da ikon ƙara zanko ɗaya ko gyara karkatar bango, komai munin da kake gani.

Akwai kuma sharaɗin da ke kan duk wanda ya zaɓi ya kauce wa zahiri, wato ya kauce da ma'auni ɗaya a ko'ina. Fim ɗin The Good Dinosaur da kamfanin Pixar ya fitar a 2015 an gina tsaunukansa da kogunansa ne da bayanan awon ƙasa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, kuma sun fito kamar an ɗauke su da kyamara, amma dabbar da ke tafiya a cikinsu koriya ce mai santsi da manyan idanu irin na katun. Masu sharhi da dama sun yaba wa wurin, suka kuma ce shi da mazaunansa kamar ba daga duniya ɗaya suka fito ba. Wannan ne hatsarin da ke cikin shawarar abokanka na biyu. Idan ka zuba launin katun a kan bangon da ka ɗauko daga hoto, za ka samu abu biyu da ba sa jituwa. In katun kake so, sai ka sauƙaƙa komai tare, siffa da fatar da aka lulluɓe ta da ita da inuwa, wannan kuma wani aiki ne daban da za a fara daga tushe.

Ni ma na taɓa faɗawa inda kake. Na gina wata kasuwa na cika ta da kaya, kowace rumfa da buhunanta da kwandunanta, kowanne na yi shi da kyau, na kai wa wanda ke jagorantar zanen ina jiran yabo. Ya mayar da hoton baƙi da fari, ya ƙanƙance shi ya koma kamar girman akwatin ashana, ya tambaye ni ina ne ƙofar da ɗan wasa zai bi. Na duba ban gan ta ba, ni da na gina ta. Komai ya zama toka iri ɗaya. Mun cire kusan rabin kayan, muka sa rumfunan gaba cikin inuwa, muka bar haske ya faɗa a bakin ƙofar kaɗai, kuma tun ranar ban sake miƙa aiki ba sai na yi masa wannan gwaji. Na yi wa hotonka shi, abin da ya fito kuwa shi ne katanga da ƙasa da zaure da sama duk nauyinsu ɗaya.

Dalili shi ne ka sa rana a tsakiyar sama. A ƙasashenmu da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana hawa kusan bisa kai da azahar, inuwa ta taƙaice ta koma ƙarƙashin abu, gini ya rasa kauri. Gaskiya ne haka lungun yake da azahar, amma haka nan gaskiya ne yana da wata kama da hantsi, da wata da la'asar sakaliya, kuma kai ne za ka zaɓi wadda za ka nuna. Ka sauko da ranar ta zo ta gefe, ta yadda za ta shafi fuskar zauren a kwance, a nan ne dagi da sauran zanen da magini ya tayar a jikin bango za su fito, kowane layi da inuwarsa. Ka bar katangar da ke kusa da kyamara cikin duhu ta zama kamar firam, ka bar ƙasan hanya a tsaka-tsaki, haske mafi ƙarfi da duhu mafi ƙarfi su haɗu a bakin ƙofar zaure. Idan yanayin hunturu kake so, ka ƙara faɗin ranar daga rabin digiri da take da shi a sararin da babu ƙura zuwa digiri da yawa don bakin inuwa ya yi laushi, ka sa hazo mai ɗan ruwan ƙasa wanda zai sa kowace katanga ta fi ta gabanta dusashewa. Hazon da za ka sa zai iya fin na zahiri kauri a tazarar mita talatin, wannan ƙari ne da na halatta maka, domin shi ke raba gaba da baya.

A launi kuma ka riga ka samu abin da masu yin Ghost of Tsushima suka sha wahalar ƙirƙira, wato launi ɗaya mai rinjaye, jan ƙasa. Ka kiyaye shi. Robobi masu launi bakwai da ka zuba a gefen hanya suna jan ido zuwa inda babu komai. Ka kwashe su ka bar abu ɗaya mai launin da ke adawa da ja, ko ƙyauren zauren mai shuɗi, ko baƙin zane na rini da aka shanya a kan katanga kusa da ƙofar.

Saura batun wayoyin lantarki da rufin kwano da facin siminti da ka ce kana tunanin gogewa don wurin ya fi kyau. Wannan ya wuce batun kyau, magana ce ta zamani, kuma ina roƙonka ka yanke ta da saninka. Idan lungun shekara ɗari da suka wuce kake ginawa, ka cire su duka, har da kwalbar roba da tayar mashin. Idan na yau ne, ka bar su, ka dai tsara su: waya ɗaya da ta ratso sama ta nufi zauren tana kai ido inda kake so, guda goma da suka sarƙe suna ɓatar da shi. Abin da ba na so shi ne ka ƙara wa wurin talauci da ƙazanta fiye da yadda yake don ya burge baƙon ido, ko ka share duk alamar rayuwar yau ya koma kamar gidan tarihi da babu mai kwana a ciki. Mutane ne ke share bakin wannan zaure kowace safiya, don haka sawun tsintsiya a kan ƙasa ya fi tarin shara dacewa da shi.

Ka fara da cire duk fatar da ka lulluɓe ginin da ita, ka mayar da komai toka ɗaya, ka yi ta juya rana da kyamara har sai hoton ya karantu yana ƙarami kuma babu launi. Bayan nan ka sake ɗaukar hotunan bangon a ranar hazo, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ka soma da gefen ƙofar nan da hannaye suka goge. Idan ka kai nan ka turo mini hoton tokar tare da na launin, in duba su gefe da gefe.